Kuɗin Toyota da 'yan majalisar Amurka 147: alkawarin da ya yi wata tara

Duk wanda ya taɓa sayen Camry ko Sienna ko Highlander 'yar Kwatano wadda ta fito daga Amurka, toh akwai yiwuwar a garin Georgetown na jihar Kentucky aka haɗa ta, ko a Princeton na jihar Indiana, ba a Jafan ba. Toyota ta daɗe da kafa gindi a Amurka, hedikwatar reshenta na can tana Plano a jihar Texas, tana da masana'antu a Texas da Mississippi da Alabama da West Virginia da sauransu. Abun da yawancinmu ba mu sani ba shine wannan reshe yana da wani asusu na musamman da yake raba wa 'yan siyasa kuɗin kamfe. Asusun nan ne ya jefa kamfanin cikin rikici a 2021, kuma labarinsa nake so mu bi daki-daki dan a ganina babu wani misali da ya fi shi nuna yanda kuɗin kamfanoni ke aiki a siyasar Amurka.

Bari in fara da shi kansa asusun, dan in ba a gane shi ba labarin ba zai shiga ba. Tun 1907 doka ta hana kamfani a Amurka ya ɗebo kuɗi daga baitulmalinsa ya miƙa wa mai takarar kujerar tarayya. Sai aka samu wata hanya, kamfani ya kafa kwamiti daban da asusu daban, shine suke ce wa PAC, wato kwamitin tara kuɗi dan harkar siyasa. Abun mamaki ma ba 'yan kasuwa ne suka fara ba, ƙungiyar ƙwadago ta CIO ce ta kafa na farko a 1943 ta mara wa shugaba Roosevelt baya a zaɓen 1944. Kamfanoni sun shigo da ƙarfinsu ne bayan badaƙalar Watergate da ta ci kujerar shugaba Nixon, lokacin da aka gyara dokar zaɓe a 1974 aka kafa hukumar FEC mai sa ido kan kuɗin kamfe, sannan a 1975 hukumar ta ba kamfanin mai na Sun Oil izinin kafa nasa ya kuma nemi gudummawa a wurin ma'aikatansa. Daga nan kam sai ƙofa ta buɗe, a 1974 irin waɗannan kwamitoci na kamfanoni 89 ne kacal, kafin 1980 ta ƙare sun wuce 1,200.

Yanda ake yi shine, manyan ma'aikata da manajoji da masu hannun jari su ne ke zuba kuɗi, yawanci ana cira ne daga albashi duk wata kamar adashe, mutum ɗaya ba zai wuce dala 5,000 a shekara ba. Kamfani kuma doka ta yarda ya biya kuɗin ofis da albashin masu tafiyar da kwamitin da lauyoyi, amma ba zai zuba nasa a cikin asusun ba. In an zo rabo, ɗan takara ɗaya ba a ba shi fiye da dala 5,000 a zaɓe guda, fidda gwani zaɓe ne babban zaɓe ma zaɓe ne, kaga dala 10,000 kenan iyaka, kuma wannan adadi tun 1974 yake nan ba a ƙara ba. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da takardar zaman dindindin ba zai sa kuɗi ba, ba kuma zai sa baki a wa za a ba ba, shi ya sa shugabannin Toyota na Jafan ba su da hurumi a ciki a doka, ma'aikatan Amurka ne. Kamfanoni suna son su riƙa nanata cewa ai kuɗin ma'aikata ne ba namu ba. Gaskiya ne ta fuskar doka, amma fa sunan kamfani ne a kan cek ɗin, kuma ofishin hulɗa da gwamnati na kamfanin ne ke tsara wanda ya kamata a ba, ɗan majalisar da ya karɓa ma ba ya cewa manajoji sun ba ni, cewa yake Toyota ta ba ni. Kar kuma a haɗa wannan da babban PAC ɗin nan marar iyaka da ya ɓullo bayan hukuncin kotun ƙoli na Citizens United a 2010, shi wancan ba ya miƙa kuɗi hannun ɗan takara, talla yake yi da kansa.

Toh sai ranar 6 ga Janairu 2021 ta zo. Majalisun biyu sun zauna dan tabbatar da sakamakon zaɓen da Joe Biden ya samu ƙuri'un wakilai 306 Donald Trump ya samu 232, sai magoya bayan Trump suka kutsa ginin majalisa, aka farfasa tagogi, aka raunata 'yan sanda kusan 140, 'yan majalisa suka yi ta neman maɓuya. Da dare da aka kori masu zanga-zangar aka dawo zama, gilasai ba a gama sharewa ba, 'yan jam'iyyar Rifablikan 147 suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da sakamakon Arizona ko na Pennsylvania ko duka biyun, 139 a majalisar wakilai, sanatoci 8. Wannan lamba ta 147 ita ce ta zama tambari a goshinsu.

Kwana huɗu biyar bayan haka kamfanoni suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Marriott mai otal-otal da ƙungiyar inshorar lafiya ta Blue Cross Blue Shield suna cikin na farko da suka ce sun dakatar da ba mutanen nan kuɗi, sai AT&T da Amazon da Comcast da Walmart da Disney da Dow suka biyo. Manyan bankuna irin JPMorgan da Citigroup su kuma suka raba ƙafa, suka ce sun dakatar da ba kowa na ɗan lokaci, wanda ni a ganina wannan gudun ɓacin ran wani ɓangare ne kawai, dan ka haɗa mai laifi da marar laifi ka hana su duka ba hukunci ka yi ba. Guda biyu ne suka burge ni. Hallmark mai katunan gaisuwa, wanda hedikwatarsa ke Kansas City, ya ce wa sanata Josh Hawley da sanata Roger Marshall, waɗanda suna cikin 147 ɗin, su dawo masa da kuɗin da ya ba su. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Charles Schwab kuma ya rufe kwamitin nasa ɗungurungum ya ce ya daina harkar gaba ɗaya.

Ita Toyota ba ta yi alkawarin dainawa ba a lokacin, wannan dole a yi mata adalci. Abun da ta ce shine harin ya girgiza ta kuma tana sake duba ƙa'idojin da take bi wajen rabon kuɗin. Duban bai ɗau lokaci ba, a watan Fabrairu cek ya fara fita, cikin waɗanda suka fara samu akwai Alex Mooney na West Virginia, jihar da Toyota ke da masana'antar inji a garin Buffalo. Haka aka yi ta tafiya shiru-shiru, dala dubu nan dala dubu can, har ƙarshen watan Yuni lokacin da kafar labarai ta Axios ta ɗauko alƙaluman da ƙungiyar sa ido ta CREW ta tattara daga takardun FEC ta buga. Toyota ta ba mutum 37 daga cikin 147 ɗin nan jimillar dala 55,000, kuma babu kamfanin da ya kai ta yawan waɗanda ya ba. A cikinsu har da Andy Biggs na Arizona, wanda yana cikin masu zafi-zafi wajen yaɗa cewa an yi maguɗi.

Amsar da kamfanin ya bayar ita ta ƙara rura wutar, wai shi bai ga dacewar a yi wa ɗan majalisa hukunci a kan ƙuri'a ɗaya tak ta tabbatar da zaɓe ba. Mutane suka ce toh wannan ƙuri'a ɗayar ai ba ta gyaran titi ba ce, ƙuri'ar ko za a miƙa mulki ga wanda ya ci ce ko ba za a miƙa ba. Aka yi ca a kan Toyota, masu motocinta suna ta cewa daga wannan sun gama, ana ta kiran a ƙaurace mata. Ranar 8 ga Yuli ƙungiyar Lincoln Project, ta tsofaffin 'yan Rifablikan masu adawa da Trump, ta saki talla tana haɗa hotunan motocin Toyota da hotunan harin majalisa. A ranar, awanni kaɗan tsakani, Toyota ta fitar da sanarwa cewa ta ji koken jama'a, ta ce mafi yawan kuɗinta na shekarar ya tafi ne ga waɗanda suka amince da sakamako daga jam'iyyun biyu, sannan ta ce a halin yanzu ta yanke shawarar daina ba waɗanda suka ƙalubalanci zaɓen. Ku riƙe kalmar nan ta a halin yanzu, dan lauyan da ya sa ta ya san abun da yake yi. A watan Afrilu 2022, wata tara kenan, takardun FEC suka nuna kuɗin ya dawo, kamfanin kuma ya amsa cewa eh ya ci gaba, kamar yanda wasu ɗaruruwan kamfanoni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka ci gaba. Wannan karon hayaniyar ba ta kai ko rabin ta baya ba.

Yanzun tambayar da ta fi damuna tun farko, me zai sa kamfanin da ke sayar da mota sama da miliyan 2 a shekara a Amurka kaɗai ya zubar da mutuncinsa a kan dala 55,000? Ku raba kuɗin nan gida 37, kowa bai kai dala 1,500 ba. Wanda ya ci kujerar majalisar wakilai a 2020 a matsakaici ya kashe sama da dala miliyan 2 a kamfe. Kaga babu wanda zai sayar da ƙuri'arsa a kan dala 1,500, kuma duk mai ce maka cin hanci ne irin na a-ba-ka-ka-ɗaga-hannu bai gane abun ba. Wannan kuɗin gaisuwa ne, goro ne. Ɗan majalisa zai shirya karin kumallo ko cin abincin dare na tara kuɗi a Washington, kujera dala 1,000 ko 2,500, wakilin kamfani ya zo da cek ya zauna a teburi na mutum goma sha wani abu, a gaisa, a san fuska, ma'aikatan ofishin ɗan majalisa su ajiye lambarsa. Ran da wata doka ta taso da ta shafi harajin shigo da kaya ko hayaƙin mota, in ya buga waya a ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma su sun fi kowa sanin haka. Shi ma mai karɓa ya san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ko da askin bai wuce a saurare ka minti ashirin ba, wanda talakan mazaɓarsa zai yi shekara bai samu ba.

Kuma a 2021 ɗin Toyota tana da babbar buƙata a majalisa. Gwamnatin Biden ta kawo wani ƙudiri mai faɗi wanda a ciki aka ce mai sayen mota mai lantarki zai samu rangwamen haraji na dala 7,500, sannan a ƙara masa 4,500 in motar an haɗa ta a masana'antar da ma'aikatanta ke cikin ƙungiyar ƙwadago. Wannan ƙarin GM da Ford da Stellantis zai amfana, dan su ne ke da ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan mota, wato UAW, masana'antun Toyota na Amurka kuwa babu ƙungiya a cikinsu, yawancinsu ma a jihohin kudu da tsakiya suke inda dokoki ba sa ba ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfi. Ka duba taswira, waɗannan jihohi su ne tungar Rifablikan, kuma daga can ne da yawa cikin 147 ɗin suka fito. Ga kuma cewa Toyota ta zuba jarinta ne a motoci masu haɗa fetur da batir irin Prius da ta fito tun 1997, ba ta gaggawar komawa lantarki zalla, har a 2019 ta bi bayan gwamnatin Trump a shari'ar hana jihar Kalifoniya sa nata ƙa'idojin hayaƙi masu tsauri, sai a farkon 2021 ta janye. Toh mutanen da za su tsaya mata a wannan faɗa su ne dai waɗanda ake cewa ta juya wa baya. Abun da ya ba ni sha'awa kuma, wanda ya kashe ƙarin na 4,500 ɗin ma ba ya cikin 147, sanata Joe Manchin ne ɗan Dimokurat mai wakiltar West Virginia, a masana'antar Toyota ta West Virginia ya tsaya a Nuwamba 2021 ya ce ba daidai ba ne, kuma dokar da aka sa wa hannu a Agusta 2022 ta fito babu shi. Shi ya sa waɗannan kwamitoci ke ba kowane ɓangare, ba ruwansu da aƙida, kujera suke gaisarwa.

Kujerar nan ita ce ta karya alkawarin kowa ba Toyota kaɗai ba. Mutum 139 kusan kashi biyu cikin uku ne na 'yan Rifablikan na majalisar wakilai a lokacin, kuma shugabansu Kevin McCarthy yana ciki, mai tsawatarwarsu Steve Scalise yana ciki, Mike Johnson yana ciki. Duk mai bin siyasar Amurka ya san jam'iyyar shugaban ƙasa takan sha kashi a zaɓen rabin wa'adi, kaga tun 2021 ana hangen mutanen nan su ne za su riƙe majalisa, haka kuwa aka yi, McCarthy ya zama kakaki a Janairu 2023 bayan zagaye 15 na ƙuri'a, da aka tsige shi a Oktoba Johnson ya hau. Kamfanin da ya ce har abada ba zai ba su ba ya yanke hulɗa da kakaki da shugabannin kwamitoci kenan. Wasu kamfanonin ma tun ƙura ba ta lafa ba suka samo ƙofar baya, ba za su rubuta cek da sunan mutum ba amma za su ba asusun jam'iyya na majalisar wakilai ko na dattawa, ko ƙungiyar 'yan kasuwa da suke ciki ta bayar, kuɗin ya zagaya ya isa inda za shi su kuma su ce ba mu saɓa ba. In ka auna da wannan, laifin Toyota da ya bambanta ta shine ta yi nata a fili da wuri. Ban ce ta yi daidai ba fa, ban yarda ta yi daidai ba, amma waɗanda suka yi sanarwa mai daɗi a Janairu suka lashe amansu a ɓoye ba su fi ta ba.

Akwai wata magana ta Mitch McConnell, shugaban sanatocin Rifablikan a lokacin, da ba na mantawa. A Afrilu 2021, lokacin da Coca-Cola da kamfanin jiragen sama na Delta suka soki sabuwar dokar zaɓe ta jihar Georgia, ya fito ya gargaɗi shugabannin kamfanoni su fita harkar siyasa, amma ya ƙara da cewa ba gudummawar kuɗi yake nufi ba. Wato ku kawo kuɗin ku ja bakinku. Ban san wata magana da ta fayyace dangantakar nan kamar wannan ba.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa a duk kuɗin siyasar Amurka wannan ne ya fi tsafta, yana da iyaka, ana rubuta kowace dala da sunan wanda ya karɓa da rana, kowa zai iya dubawa a wurin FEC, in ka kashe shi kuɗin ba ɓacewa zai yi ba, komawa zai yi ƙungiyoyin da doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su kuɗi ba. Na yarda da rabin wannan. Da babu takardun nan da babu wanda zai san maganar dala 55,000, da babu talla, da babu ko wata taran. Mu nan Najeriya dokar kamfanoni ta hana kamfani ba jam'iyya kyauta kwata-kwata, amma a Disamba 2014 a liyafa ɗaya a Abuja aka sanar da sama da naira biliyan 21 na tazarcen Jonathan, da yawa da sunan ɓangarori, wai ɓangaren mai da gas, ɓangaren gidaje, ka je ka nemo wa ya ba da nawa. Amma rabin da ban yarda da shi ba shine a ce tunda ana gani shikenan an gama. Ganin ya yi aiki ne lokacin da mutane ke kallo, kuma mutane suna da aikin yi, ba za su shekara suna bin takardun hukumar zaɓe ba, shi kuwa ofishin hulɗa da gwamnati aikinsa kenan kullum, albashinsa kenan. Manajan da ake cire wa dala ashirin talatin a albashi ma ina tausaya masa, wataƙila shi kansa ya yi kuka ranar 6 ga Janairu, doka ta ce ba dole, amma in oga ya turo takarda yana neman gudummawa kowa ya san yanda ba dole take a ofis.

A Disamba 2024, bayan Trump ya sake cin zaɓe, reshen Toyota na Amurka ya sanar da ba da dala miliyan 1 ga bikin rantsar da shi, kamar yanda Ford da GM suka yi. Wannan ba ta asusun ma'aikata ya bi ba, dan kuɗin bikin rantsuwa ba shi da iyaka kuma kamfani zai iya bayarwa kai tsaye, ya ninka wancan da aka yi ta rigima a kai sau 18, ban kuma ji an yi wata talla a kansa ba. Ranar 20 ga Janairu 2025 aka yi rantsuwar a cikin ginin majalisar saboda tsananin sanyi, ginin da aka fasa shekara huɗu baya, a daren ranar Trump ya yi wa kusan mutum 1,500 da aka tuhuma kan harin afuwa. A watan Afrilu ya ƙaƙaba harajin kashi 25 kan motocin da ake shigowa da su, har da na Jafan, daga baya aka sasanta ya koma kashi 15, a watan Agusta Toyota ta gaya wa masu hannun jarinta cewa harajin zai ci mata kusan yen tiriliyan 1.4 a shekarar kuɗin.